Tsofaffin motocin alfarma a Kankiya da Kusada

Tsofaffin motocin alfarma su ne motocin da a lokacin ƙera su sai masu hannu da shuni da manyan ma'aikatan gwamnati ke iya sayensu, amma bayan shekara ashirin ko talatin farashinsu ya faɗi har mai matsakaicin ƙarfi yana iya mallakarsu. A ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada da ke tsakiyar jihar Katsina, kamar sauran sassan Arewacin Najeriya, waɗanda aka fi sani a cikinsu su ne Marsandi samfurin W123 da W124 da 190, da Fijo 504 da 505, sai kuma Lexus ES300 da RX300 da suka biyo baya. Kuɗin sayen irin wannan mota kan yi sauƙi, amma kuɗin riƙe ta yana nan kusa da yadda yake tun tana sabuwa, domin shan manta da kayan gyaranta ba sa raguwa da tsufa. Saboda haka riƙe ta da ƙaramin ƙarfi ya dogara ne a kan abu uku: zaɓen samfurin da ake samun kayansa a Kano ko Katsina, samun bakaniken da ya san ta, da bin gyara daki-daki.

Sunaye

Yawancin sunayen da ake kiran waɗannan motoci da sassansu aro ne da Hausa ta lanƙwasa su bisa tsarin sautinta. Mercedes ta koma Marsandi, Peugeot ta koma Fijo saboda Hausa kan mayar da sautin p zuwa f, birnin Cotonou na Jamhuriyar Benin kuma ya koma Kwatano. Inda baƙaƙe biyu suka haɗu a kalmar asali, Hausa kan sa wasali a tsakaninsu, shi ya sa ake cewa birki da fulogi da sitiyari. Haka aka samu lagireto da salansa da totur da giyabos.

Motar da aka shigo da ita daga waje bayan an yi amfani da ita ana ce mata 'yar Kwatano ko Beljiyam, daga sunan ƙasar da tashar jiragen ruwanta ta Antwerp ta yi fice wajen aiko motocin hannu zuwa Afirka ta Yamma. A kudancin Najeriya ana cewa tokumbo, kalmar Yarabanci mai nufin abin da ya zo daga ƙetaren teku. Marsandi W124 kuwa a duk faɗin Najeriya an fi saninta da V-Boot, saboda siffar murfin but ɗinta, kuma a bakin Hausawa sunan kan fito kamar Bi-but.

Wuri da hanya

Garin Kankiya, wanda ake rubutawa Kankia a takardun gwamnati, yana kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, kimanin kilomita 60 kudu da birnin Katsina. Daga nan hanya ta bi ta Charanchi da Rimi zuwa Katsina, ta ɓangaren kudu kuma ta ratsa Yashe da Gidan Mutum Ɗaya ta shiga jihar Kano ta Tsanyawa da Bichi. Akwai kuma hanyoyin da suka tashi daga Kankiya zuwa Dutsin-Ma da Ingawa. A ƙidayar shekarar 2006 ƙaramar hukumar Kankiya tana da mutane sama da 150,000, Kusada kuma kusan 100,000, kuma mafi yawansu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa.

Wannan zama a kan babbar hanya yana da tasiri ga mai tsohuwar mota. Ana iya zuwa Kano a sayo kayan gyara a dawo a yini ɗaya, ko a aika direban motar haya ya karɓo. Amma da zarar an sauka daga kwalta zuwa ƙauyuka, hanyoyin burji da yashi ne, waɗanda ke wahalar da motar da ke kusa da ƙasa, musamman da damina.

Tarihi

A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita, kuma aka yi ƙarin albashin Udoji na shekarar 1974, ma'aikata da yawa sun sayi sababbin motoci. Marsandi ita ce motar manyan gwamnati a wancan zamani. A cikin wata baƙar Marsandi aka kashe shugaban ƙasa Janar Murtala Muhammad a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976, kuma motar tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo da ta biyo baya ta mayar da Fijo motar hukuma domin rage almubazzaranci. Kamfanin harhaɗa Fijo na Kaduna ya fara aiki a shekarar 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har zuwa tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Faransa. Wannan ne ya sa makanikan Arewa suka san Fijo sosai.

Tsarin gyaran tattalin arziki da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shi a shekarar 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari yawancin ma'aikata. Daga nan kasuwar motocin hannu ta buɗe. Ana sauke motoci a tashar Kwatano, wasu su shigo ta kudu, wasu kuma a biyo da su ta Jamhuriyar Nijar zuwa Maraɗi, su shigo ta Jibiya zuwa Katsina da Kano. Ta wannan hanya Marsandi W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, da 190 ta 1982 zuwa 1993, da V-Boot wadda aka fara a 1984, suka watsu a garuruwan da ke kan hanyar. Daga shekarun 2000 motocin da ake kawowa daga Amurka suka ƙaru, ciki har da Lexus, wadda kamfanin Toyota ya fito da ita a shekarar 1989.

Hanyar kan iyaka ta sha tsaiko a shekarun baya. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairu, 2017. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya, kuma ba a sake buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023 an sake rufe iyakar, har zuwa watan Maris na 2024. Haka kuma dokar kwastan ta ƙayyade shekarun motar da za a iya shigowa da ita, abin da ya sa ba a kawo irin su V-Boot ta halastacciyar hanya a yanzu. Waɗanda ake gani a kan titi tsofaffin shigowa ne da ke yawo daga hannu zuwa hannu.

Dalilin arha da dalilin tsada

Farashin motar alfarma yana faɗuwa da sauri fiye da na ƙaramar mota, domin masu kuɗin da ke iya riƙe ta sun fi son sabon yayi, talaka kuma yana tsoron shan manta. Shi ya sa a kan samu tsohuwar Marsandi mai silinda shida a farashin da bai kai na ƙaramar Toyota ko Golf mai ƙarancin shekaru ba. Masu sayenta sukan kawo dalilai kamar ƙarfin bodi, faɗin ciki da ke ɗaukar iyali, zama daram a kan babbar hanya, da kuma kwarjini a wurin ɗaurin aure ko taron siyasa.

Sai dai Hausawa na cewa araha ba ta ado. Injin da ke shan lita goma sha uku a kilomita ɗari yana nan yana shan hakan ko fiye, ko nawa aka sayi motar. Ƙari a kan haka, motar da farashinta ya faɗi sau da yawa ta ratsa hannun mutanen da suka yi ta ɗage gyara, sai duk abin da suka bari ya taru a kan wanda ya saya daga ƙarshe. Don haka masu ƙwarewa ke ba da shawarar kada a zuba duk kuɗin da ake da shi a saye, a ware wani kaso mai kauri domin gyaran watannin farko.

Samfurori da halayensu

Marsandi W123 ita ce mafi sauƙin gyara a cikin dangin. An ƙera kusan miliyan 2.7, wayoyin lantarkinta kaɗan ne, kuma injinanta na dizal sun yi suna wajen daɗewa. Babbar matsalarta a yau ita ce tsufa: tsatsa a ƙasan bodi da ruɓewar robobi.

V-Boot mai silinda huɗu, wato 200 da 230E, tana da inji samfurin M102, mai silinda shida kuma, 260E da 300E, tana da M103. Dukansu sarƙa ce ke juya tayimin ɗinsu, kuma tana daɗewa matuƙar ana juye a kan lokaci. Tsarin rarraba man da ke cikin 230E da 300E, mai suna KE-Jetronic, yana da kyau idan man na da tsabta, amma ba kowane bakanike ya iya saita shi ba. Waɗanda aka ƙera daga wajen 1992 zuwa 1996 suna da wata matsala sananniya: rufin wayoyin inji yana marmashewa da zafi, wayoyi su haɗu, mota ta riƙa mutuwa ko ta ƙona ƙwaƙwalwarta.

Yawancin Lexus ES300 da RX300 suna amfani da inji mai silinda shida samfurin 1MZ-FE, irin wanda ke cikin wasu Toyota Camry da Sienna da Highlander. Wannan ne babban amfaninsu, domin kayan Toyota sun fi na kowa yawa a kasuwa. Injin yana tara dasƙararren baƙin mai idan aka jinkirta juye, kuma bel ne ke juya tayimin ɗinsa, wanda ake so a sauya bayan kimanin kilomita 145,000. An kuma san RX300 da raunin giyabos.

Akwai samfurorin da ke da wuyar riƙewa nesa da babban birni. Marsandi W220, wadda aka ƙera daga 1998 zuwa 2005, da Range Rover na wancan zamani suna tsaye ne a kan jakunkunan iska maimakon sifirin, kuma idan suka huje mota kan durƙushe. Marsandi W211 ta farkon fitowa tana da birki mai aiki da famfon lantarki, wanda sauya shi ke da tsada. Irin waɗannan su ne aka fi gani a jingine a kan duwatsu a bayan gareji, ƙura ta rufe su.

Dubawa kafin saye

Ciniki yakan bi ta hannun dillali, wanda ke karɓar la'ada, amma mai saye ne ke zuwa da nasa bakaniken. Ana fara dubawa da takardu: takardar biyan kuɗin kwastan, shaidar mallaka, da lambar shasi, wadda a yawancin motocin da aka ƙera daga 1981 take da haruffa da lambobi 17, kuma dole ta yi daidai da abin da ke rubuce. Motar da ba ta da takardar kwastan ta gaskiya tana iya faɗawa hannun jami'ai a shingen hanya ko da ta shekara goma a ƙasar. Rubuta yarjejeniyar ciniki a gaban shaidu yana kare mai saye idan daga baya ta bayyana motar sata ce.

Bayan takardu sai inji. An fi so a tayar da shi da safe yana sanyi, domin a lokacin ne ƙarar sarƙa da hayaƙi ke fitowa fili. Shuɗin hayaƙi alama ce ta cewa inji na ƙona baƙin mai, farin hayaƙi mai yawa da kumfa a lagireto kuma alama ce ta ƙonewar gasket. Ana shiga ƙarƙashin mota a duba tsatsa da alamar walda a shasi. Motocin Amurka daga 1996 suna da kafar da ake jona kwamfutar bincike, wadda ke nuna laifukan da aka ɓoye ta hanyar cire ƙwan gargaɗi. Ana kuma guje wa motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, kuma juyin da aka yi da walda a gareji yana iya tsinkewa ana cikin gudu.

Tsarin gyara

Wanda ba shi da kuɗin gyara komai a lokaci ɗaya yakan bi mataki-mataki. Matakin farko shi ne abin da ya shafi rai: birki, tayoyi, sitiyari, boljoyin da fitilu. Kowace taya tana da lambobi huɗu a gefenta da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tsohuwar taya ta gwanjo tana iya fashewa a kan kwalta mai zafi ko da zanenta bai cinye ba, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha yin gargaɗi a kan haka.

Mataki na biyu shi ne sanyaya inji: lagireto, famfon ruwa, fanka, tiyo da tamostat. Na uku shi ne juye da sauya matatun mai da iska da fulogai, da man giyabos. Na huɗu shi ne ƙafafu, wato shakazoba da bushin. Fenti da kujeru da na'urar sanyaya ciki su ne na ƙarshe. Kuskuren da aka fi yi shi ne juya wannan tsari, a fara da sabon fenti da ƙafafun alminiyam, alhali inji na tafasa.

Kayan gyara da masu sana'a

A Kankiya da Kusada ana samun makanikai da masu faci da masu walda da masu wayarin da ke iya ƙananan gyare-gyare, da shagunan baƙin mai da fulogi da bel. Manyan kaya kamar inji da giyabos da ƙwaƙwalwar mota sai an nemo su daga Katsina ko Kano, inda kasuwar Ƙofar Ruwa da shagunan Sabon Gari suka yi fice. Abin da ya gagara a can akan aika Fanteka a Kaduna ko kasuwar Ladipo a Legas. A yau yawanci hoton abin ake turawa ta WhatsApp, a tura kuɗi ta banki, a saka kayan a motar haya. Tura lambar da ke jikin tsohon kayan tana rage kuskure, domin samfuri ɗaya kan zo da inji iri-iri.

Kayan sun kasu uku: sabo na asali mai tsada, na Beljiyam da aka ciro daga motar da aka farfasa a waje, da sabo mai arha wanda ingancinsa ya bambanta. Ga ƙarfe kamar giyabos ko ƙofa, na Beljiyam yakan fi. Ga roba da bel da fatar birki, sabo ya fi, domin tsohuwar roba ta riga ta bushe. Wasu masu V-Boot sukan sayi wata matacciya irinta su ajiye suna cirar kaya.

Sana'ar kanikanci ana koyonta ne a hannun maigida na tsawon shekaru, kuma makanikai sukan ƙware a kan iri ɗaya, a ce wane mai Marsandi ne, wane mai Fijo, wane mai Jafan. Da yawa daga cikin waɗanda suka san tsofaffin Marsandi sun manyanta, yaran da ke tasowa kuma sun fi karkata ga Toyota da Honda da babura.

Yanayi

Daga watan Maris zuwa Mayu zafi a wannan yanki yakan haura digiri 40, abin da ke gwada lagireto da batir da tayoyi. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura kan toshe matatar iska da wuri fiye da abin da littafin mota ya tanada, domin an rubuta shi ne don Turai. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa kan shiga wayoyi da ƙasan bodi. Al'adar cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye ta yaɗu a garejoji da nufin hana zafi, amma tana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai. Zuba ruwan rijiya zalla a lagireto kuma yana tara gishiri da tsatsa, shi ya sa ake so a yi amfani da ruwan sanyaya inji na musamman.

Kuɗin mai

Ranar 29 ga Mayu, 2023 shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Lita da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a shekarar 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. A watan Yunin 2023 kuma aka saki naira, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kayan gyara suka bi ta.

Misali zai nuna girman sauyin. Zuwa Katsina daga Kankiya da dawowa kusan kilomita 120 ne. Motar da ke shan lita 11 a kilomita ɗari za ta sha kimanin lita 13. A kan naira 185 kuɗin bai kai naira 2,500 ba, a kan naira 1,000 kuwa ya zama 13,000. Wannan ya sa masu irin waɗannan motoci da yawa suka mayar da su na fita ta musamman, kamar Juma'a da biki da kai mara lafiya asibiti, suna zirga-zirgar yau da kullum a kan babur. Sayen mai a galan a hannun 'yan bumburutu yana da haɗari ga injin da ke da injekta, domin ruwa ko datti kaɗan na iya kashe famfon mai da nozul.

Takardu da doka

Mai mota yana buƙatar lasisin tuƙi, lasisin mota da ake sabuntawa duk shekara, takardar shaidar lafiyar mota daga jami'an duba ababen hawa, da inshora. Daga ranar 1 ga Janairu, 2023 kuɗin inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida. A kan hanyar Kano zuwa Katsina ana haɗuwa da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, da 'yan sanda da kwastan, da kuma hukumar kula da zirga-zirga ta jihar Katsina, KASSAROTA.

Sauye-sauye da saɓanin ra'ayi

Domin rage kashe kuɗi, wasu kan cire injekta su sa kafireta, wasu su cire jakunkunan iska su sa sifirin, wasu kuma su ɗora injin Toyota a bodin Marsandi. Masu goyon bayan haka suna cewa gara motar da kowane bakanike zai iya taɓawa da wadda ke jiran gwani daga Kano. Masu adawa suna cewa sauyin kan ƙara shan mai, ya ɓata daidaiton mota, ya kuma karya farashinta, musamman ganin cewa W123 da W124 marasa sauyi sun fara daraja a wurin masu tara tsofaffin motoci a Turai da manyan biranen Najeriya. Tun bayan cire tallafi an kuma fara mayar da wasu motoci masu amfani da iskar gas, ƙarƙashin shirin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, sai dai amfanin hakan ya dogara ne ga kusancin mai mota da tashar da ke sayar da gas ɗin.

Duba kuma

Kankiya
Kusada
Jibiya
Kasuwar Ƙofar Ruwa
Kanikanci
Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa